Mai Duba Masa Baya

Tun da na iso tashar jirgin ƙasa ta Tabora tsohon nan bai zauna ba. Dogo ne, rigarsa ta soja ta koɗe, lambar yaƙin Bama na lilo a ƙirjinsa. Sai kai-komo yake, idonsa na kan bishiyoyin mangwaro, kamar wani mai bindiga na ɓoye cikin ganyen.

Can ya tsaya, ya naɗe wando, yana bin ƙwaurinsa da wutar taba. Ina jin haka sojoji suke cire matsattsaku a dajin Bama, ruwa na dukansu, Japanawa na gabansu.

Mama Kalunde mai shayi ta ƙyalƙyale da dariya. "Haba Baba! Matsattsaku a Tabora, da ranin nan? Zauna ka sha shayi mana."

"Ƙafa ai mai sauƙi ce, 'yata," in ji shi. "Baya ne ba na gani. Bibbiyu muke yi, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Mai duba nawa, a bakin kogin Chindwin, can Bama, na baro shi."

Ya goga bayansa a ginshiƙin tashar, ya ci gaba da zarya.