Hosea da Takobin Roba

Hosea mutumin Zonkwa ne. Shekararsa tara a Dagenham, can ƙasar Turawa, bai taɓa cika shekara a aiki ɗaya ba. Ya yi gadi, ya tuƙa bas, duk ya bari. Wata rana wasu masu shirya fim marasa ƙarfi suka sa shi ya fito a maƙerin da ya ƙera wa jarumi takobin kashe dodo, cikin wata tatsuniyar Jamusawan da. Takobin na roba ne, amma Hosea ya dawo gida cike da zumuɗi.

Matarsa Dokas ta ce, "Baban Gift, yaushe za ka zauna wuri ɗaya?"

Ya ce, "Na yi booking ɗin koyon hawan doki. Fim na gaba a sarki nake so in fito."