Ƙarfen da Baba Ya Nema

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran surukina, Malam Mainasara bakaniken babura na Tudun Wada. Ya dawo daga masallaci ya zauna a bencin garejinsa, ya ce kansa yana juyawa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ni Bahijja, matar ɗansa Mujitaba, ban taɓa kama sunansa da bakina ba, yau ma da ƙyar hannuna ya rubuta. Daga nan Baba zan ce, kamar yadda na saba.

Baba, wata goma sha huɗu na yi a gidanka, ban ga ranar da ka ɗaure mini fuska ba. A satin farko na ɗora tuwo na buɗe littafi, ban farga ba sai da ƙauri ya kai zaure. Inna ta fito za ta yi faɗa, ka ce, "Ƙyale Malama. Ni dama ƙanzo nake so." Ka cinye shi tas, kana korawa da ruwa. Tun daga ranar Malama kake kirana. In ka je Tiga, ƙullin kifina daban kake riƙowa.

A tsakar gida na san sana'arka, ina sauraro daga bakin murhu kana koya wa Mujitaba. Tun daga rugagen Doguwa makiyaya ke turo maka babura, saboda wani fulogi da ake kira iridiyom, wanda tsininsa bai wuce bakin allura ba. Kakan ce shi ba a ƙwanƙwasa shi a dutse, ba a zura masa reza a banƙara, ba a goge shi da burushin waya. Ƙugiyar gefe kaɗai ake lanƙwasawa, kaɗan-kaɗan, a gwada, a sake. In aka taɓa tsinin ya karye, magana ta ƙare. Na ji labarin Adamu, Bafulatanin da ya kawo maka nasa bayan ya buga shi a gindin turmi. Ka ce masa, "Adamu, ko saniya ce ai ba a tatsarta da guduma." Ka sa masa wani, ka hana shi tafiya sai da ya ci abinci.

Abin da kake auna ratar tsinin da ƙugiyar da shi wani siririn ƙarfe ne, geji, mai kamar ganyen dabino, ɗaure da jan zare. Maigidanka na Bebeji ne ya ba ka ranar da ya yaye ka. An ce a hankali kake zura shi, kamar mai cire haki a idon jariri.

Baba, ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Ranar wata Lahadi ka ci abincin rana a gida. Da na zo naɗe tabarma na ga ɗan ƙarfe mai jan zare. Ban taɓa ganinsa da idona ba, labarinsa kawai nake ji, don haka ban gane shi ba. Ya yi mini kyau, na sa shi alama a littafin da nake karantawa. Da yamma ƙawata Ramla ta zo daga Tiga, ta nace sai na ara mata littafin. Na ba ta, hankalina yana can wajen mutanen cikin labari.

Washegari ka tsaya a ƙofar ɗakina ka yi sallama. "Malama, ko kin ga wani ɗan ƙarfe mai jan zare?" Nan take na gane. Amma ta yaya zan ce wa surukina kayan aikinsa yana cikin littafin soyayya, littafin ma ya bar gari? Na durƙusa na ce ban gani ba. Ka ce, "To madalla, Allah ya yi albarka."

A satin nan ka fara barin Mujitaba ya riƙe gejin da kansa, don haka zargi ya faɗa kansa. Ya rantse ya mayar maka. A gaban mutanen gareji ka ce masa, "Ba ƙarfen nake ji ba. Ka ce ka yar mana, a wuce wurin. Hannun da ke ƙarya ba ya taɓa mini fulogi." Ka mayar da shi facin taya. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da kai. Yakan shigo ɗaki ya zauna, ni kuma in zuba masa ruwa in kawar da kai.

Na kira Ramla, ta ce littafin yana wurin yayarta a Burumburum, zai dawo. Na ce a raina in ya dawo sai in jefa ƙarfen a ƙarƙashin tabarma, wani ya tsinta, kowa ya huta. A littattafan da na karanta gaskiya takan jira babin ƙarshe, kuma takan tarar da kowa da ransa. Kwana tara na jira. A na tara aka shigo da kai a kwance.

Ramla ta kawo littafin ranar sadakar uku, cikin ledar da ta zubo gero. Jan zaren yana leƙowa.

Na kai wa Mujitaba, na faɗa masa komai. Ya daɗe yana juya ƙarfen a tafin hannunsa. Ya ce, "Da safen ranar da ya rasu ya kira ni mu karya tare, na ce na ƙoshi." Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙonsa ba tukuna.

Baba, ba zan iya kai maka gyaran maganar nan ba. Abin da ya rage mini shi ne in kai ta kunnen waɗanda suka ji ta farko. Ku mutanen gareji da 'yan acaban bakin tasha, duk wanda ya ji ranar nan ya ji wannan ma: Mujitaba bai yar ba, bai yi wa mahaifinsa ƙarya ba. Ni na yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Balaraba, da 'ya'yan Baba Lubabatu da Sagir, da maigidana, da duk wanda baburinsa ya taɓa tashi a hannun Baba. Allah ya ba ku haƙuri, ni kuma ku yafe mini in kun iya.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ya Allah, Kai ka san abin da bawanka bai sani ba a kwanakin nan tara. Ka sanar da shi ɗansa mai gaskiya ne, ka sa ya tashi ranar Alƙiyama yana mai yarda da shi. Amin.