Ranar da Na Ba Surukina Ruwan Mako Guda

Ko haƙorana sun zube, ba zan manta ranar da na gwada lojisiyel ɗina, wato manhajar kwamfuta da na ƙirƙira, a gaban masu lambun rake na Matameye ba. Lokacin na dawo daga karatun informatik, wato ilimin kwamfuta, ina hura hanci, gani nake duk garin ba wanda ya kai ni. Ƙungiyarsu tana neman wanda zai tsara mata rabon ruwan famfo, kowa da ranarsa, kuma wanda aikinsa ya yi kyau shi za a ɗauka. Na rubuta nawa da yaren kwamfuta na C++. Kompilatar ɗina, wato abin da ke mayar da rubutun ya zama lojisiyel, ya karɓa bai ce uffan ba.

Ranar gwaji, injiniyar da aka gayyato daga Zinder ta sa rubutun a ordinatarta, wato kwamfutarta. Nata kompilatar ya tsaya a layi guda, ya ƙi wucewa.

Na ce, "Madam, naki ne ke da matsala. Nawa bai taɓa ƙorafi ba."

Ta ce, "Malam, naka irin kakar nan ce, kome jika ya yi sai ta ce madalla. Dokar yaren ta hana a ɗaura referans mai canza abu, wato laƙabin da ake taɓa abu da shi, a kan kwafin wucin gadi. Alamar cewa manomi ya samu ruwa, a kan kwafi kake sa ta, kuma da layin ya ƙare kwafin ya tafi."

Da ina da hankali da na yi shiru. Sai na buɗe tawa ordinatar, na kira dattawa su matso su gani da idonsu. Litinin, sunan farko ya fito. Talata, shi ne dai. Har Lahadi mutum ɗaya ke shan ruwa. Kuma sunan farkon na surukina ne, Alhaji, don girmamawa na fara shigar da shi.

Wani tsoho daga Dawce ya gyara hula ya ce, "Ikon Allah! Ashe injin ma ya san surukai."

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya tashi ya sa takalmansa, ko kallona bai yi ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Aikin ya wuce ni, kuma sai da na yi wata guda ban iya zuwa gaishe shi ba.

Tun daga ranar kompilatar biyu nake ba rubutuna, kuma maganar mai faɗan nake ji. Kompilatar da ya ƙi ni a gaban mutane shi ne ya so rufa mini asiri, ni na hana shi.