Wayar da Ta Manta Fuskar Sha-Kwana

Shekara talatin da ɗaya Sha-Kwana ya yi yana tuƙa tasi a gari guda. A tasha aka laƙaba masa sunan, don ba ya yarda ya tsaya a cunkoso. Da ya hango motoci sun yi layi sai ya karya sitiyari ya faɗa lungu, ya bi ta bayan masu walda, ya ɓullo da fasinja inda bai taɓa zato ba. Gajere ne kakkaura, ga tsokana, kuma ba ya fita sai ya goge motarsa da tsumma biyu, ɗaya na jiki ɗaya na gilashi. 'Ya'yansa huɗu da matarsa, wadda yake kira Maman Yara. Uku sun yi nisa da gida, saura Auta, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti can ɗaya gefen garin.

Tasha ba rana ɗaya ta mutu ba. A hankali fasinja suka riƙa janyewa. Sai ka ga mutum tsaye a bakin titi ya sunkuyar da kai yana shafa waya, ka danna masa hon ko kallonka ba zai yi ba, can sai wata mota ta zo ta ɗauke shi kamar da ma sun yi alkawari. Sha-Kwana ya kan wuni a inuwar rumfar amininsa Mai Faci, yana zagin zamani.

Auta ce ta gaji da jin ƙorafin. Wata ranar hutunta ta zo gida da kwali a jaka, ta ajiye masa a cinya.

"Baba, ga abokiyar aiki na kawo maka. Wannan ƙaramar taka mai maɓallai a ba Mama."

"Ni da wannan allon? Ina maɓallan suke?"

"Shafawa ake yi, Baba."

"To ai ni ko uwarki ban iya lallashi ba, bare waya."

Maman Yara ta jefe shi da murfin kwano, aka yi dariya. Auta ta saka masa manhajar wani kamfani mai haɗa direba da fasinja, ta ɗauki hoton lasinsa da takardun mota, sannan ta tsayar da shi jikin bango ta ce ya kalli wayar kada ya yi murmushi. Ya ƙi, sai da ya yi. Da wannan fuskar kamfanin ya san shi.

Makon farko wahala ce zalla. Yatsunsa sun yi kanta saboda sitiyari, in ya taɓa nan sai can ya buɗe. Amma da hannu ya faɗa, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Yana karyawa a tsakar gida wayar za ta yi ƙara, fasinja na jiransa a layi na uku. Ba rigima da 'yan kamasho, ba jayayya a kan kuɗin mota. Karatunsa ba shi da sauri, sai ga shi ana danna wuri ɗaya a yi magana saƙo ya tafi. Ranar da ya fara ganin jikokinsa suna tsalle a cikin gilashin, daga garin da bai taɓa zuwa ba, ya riƙe wayar da hannu biyu kamar kwanon da ya cika da ruwa. Har Mai Faci ya riƙa ce masa Injiniya.

Sai dai abokiyar aikin tana da nata halin. In rana ta take, ta yi zafi a kan allon mota ta ɗauke wuta ana tsakiyar tafiya. In an shiga unguwar da ba sabis, ɗan digon da ke nuna motarsa ya tsaya cak kamar jaki ya ga rami. Batir kuwa kullum da yunwa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne shuɗin layin da taswira ke zanawa. In ya bar shi ya shiga lungunsa, sai ya ga fasinja a madubi ya zaro ido yana duba tasa wayar.

"Direba, ina za ka kai ni? Ba nan hanya ta nuna ba."

"Ranka ya daɗe, can gaba gyaran kwalbati ake yi. Ita ba ta sani ba."

"Don Allah bi abin da ta ce."

Bayan an sauka sai a ba shi tauraro biyu cikin biyar. Auta ta yi masa bayani cewa in taurarin suka yi ƙasa, aiki zai ragu. Daga nan ya daina shan kwana. Ya kan shiga cunkoso da idonsa a buɗe, ya zauna, alhali ga lungun da ya sani a damansa. Hira ma ya rage, tun da wani ya rubuta cewa direban ya cika surutu. A gida kuma ko abinci yake ci wayar na gefen kwano. Maman Yara ta ce tun da aka kawo abin nan ba ta ƙara ganin tsakiyar idonsa ba, sai tsakiyar kansa.

Ya shekara biyu a haka. Wata safiya da hantsi ya sauke wata mata a bayan shagunan 'yan katako, wani layi da ba kowa ke bi ba. Ya sa hannu zai canja giya, hannun ya ƙi zuwa. Ya ji gefen fuskarsa na dama ya yi nauyi kamar an rataya masa dutse. Ya buɗe baki zai kira wani mai tura kura da ke wucewa, abin da ya fito ba magana ba ce. Da ɗaya hannun ya laluba wayar, ya danna hoton Auta da ta ajiye masa a gaban gilashin wayar.

"Baba? Baba, ina jin ka. Yi magana mana."

Sai gurnani. Auta ba ta ƙara tambaya ba. Tun ranar farko ta haɗa wayarsa da tata yadda za ta riƙa ganin inda yake, shi bai ma sani ba. Ta bi digon nan har bayan 'yan katako da motar asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya buge shi, kuma da an ƙara awa ɗaya da wani zancen ake yi. Duk wanda ya zo dubiya sai Maman Yara ta ɗaga wayar ta nuna masa, ta ce bayan ikon Allah wannan ce ta dawo mata da miji.

Wata biyar ana yi masa gashi da motsa jiki. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, magana ta dawo ko da yake tana ɗan ja. Likita ya gwada shi ya ba shi takarda cewa zai iya tuƙi. Fuskar ce kawai ba ta koma ba: gefen baki ya zube, fatar ido ɗaya ta sauko.

Ranar da zai koma aiki ya yi wanka tun da sassafe, ya wanke mota, ya zauna ya buɗe manhajar. Ta ce ya kalli kyamara. Ya kalla. Da'ira ta yi ta juyawa, sannan ta yi ja. Ya fito cikin haske ya sake. Ja. Ya sa yatsa ya ɗage gefen bakinsa, ya gwada na uku. Sai rubutu ya fito, maƙwabcinsu malamin makaranta ya karanta masa: an rufe asusun, ana zargin wani ne ke amfani da sunan direban.

"Wani wa? Ni ne fa."

"Na sani, Baba. Ita ce ba ta sani ba."

Auta ta rubuta musu, ta tura takardar likita da hotuna. Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar, ana godiya da tuntuɓa, ana duba lamarin. Ta sake rubutawa sau shida, amsar ba ta canja ko wasali ba. Suka gwada sabuwar rajista, aka ce wannan lasin yana da mai shi. Da ƙyar suka gano ofishin kamfanin, ɗaki ɗaya a saman bene, kujerun roba takwas da wata budurwa a bayan gilashi. Ta saurare shi har ƙarshe, ta karɓi lasin ta dube shi ta dubi hoton.

"Baba, wallahi na yarda kai ne. Amma ba ni nake buɗewa ba."

"To kira mini mai buɗewar, 'yata."

"Ba mutum ba ne. Na'ura ce, kuma ba a ƙasar nan take ba. Zan tura, sai dai a jira."

"Shekara talatin da uku ban taɓa buge ko akuya ba. A rubuta mata wannan."

Budurwar ta sunkuyar da kai. "Babu gurbin rubuta shi, Baba."

Ya koma tsohuwar tasha, ya tarar an yanka ta shaguna, yawancinsu rigunan waya da caja suke sayarwa. Ya bi titi yana hon kamar da. Kwana tara yana zagaye, waɗanda ya ɗauka ba su fi a ƙirga da yatsu ba, yawanci tsofaffi irinsa. Wata yarinya ta ɗaga masa hannu, da ya tsaya ta leƙo ta ga fuskarsa, ta ce a'a, ta riga ta kira mota. Ya je rumfar Mai Faci ya zauna. Mai Faci ya buɗe baki zai yi tsokanar da suka saba, ya dube shi, ya mayar da kai kan tayar da yake bugawa.

Mota ta yi wata uku a ƙofar gida, tayoyi suka fara saki. Da kansa ya ce wa Auta a sayar. Ta ɗauki hotuna huɗu ta saka a waya da azahar, kafin la'asar mai saye ya iso. Saurayi ne mai fara'a, ya ce shi ma aikin manhajar zai fara. Sha-Kwana ya fara yi masa bayanin yadda giya ta biyu ke son lallaɓawa, saurayin yana "to, Baba, to" idonsa na kan wayarsa. Ya ja motar da ƙarfi, giyar ta yi ƙara har kwanar layi.

Sha-Kwana ya shiga gida ya zauna a bakin gado. Maman Yara ta kawo masa ruwa da maganin yamma, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro da sauri ya miƙa wa Auta.

"Duba mini. Ko sun buɗe?"

Ta karɓa ta karanta.

"Me suka ce?"

"Saƙon da suke tura wa kowa ne, Baba. Wai fasinja sun yi yawa a unguwarmu yau, direbobi su fito."

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi wayar, ya kife ta a kan katifa, ya ce wa Maman Yara ta sakar masa labule, hasken yana damun idonsa.