Rakiyar Ammu Bakur

Ban taɓa mantawa da ranar da na bi wani dattijo a baya da mota, tun daga hantsi har bayan Magariba, ban saka giya ta uku ko sau ɗaya ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata labarin tsohuwar lambar keken nan da ke ɗaure a bayan kujerar motata. To ku gyara zama, tunda shayin Usman bai nuna ba tukuna.

Lokacin ban daɗe da baro Funtuwa ba. Ina zaune a Manfuha, wata unguwa a nan Riyad, mu da yawa a ɗaki ɗaya, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta direba ce. Kamfanin nan da kuke gani yanzu da manyan motoci, a lokacin ɗan mitsitsi ne: mudir ɗinmu, wato manaja, Abu Faisal, da Usman mutumin Sudan mai gyaran keke da dafa shayi, da wasu 'yan Bangaladash masu kafa tanti, sai ni. Idan sanyi ya shigo mukan shirya tseren keke na dogon zango a bayan gari, can yamma da Dir'iyya, gindin duwatsun Tuwaiƙ. Ba kwalta ko kaɗan. Hanyar burji ce, tsakuwa da rairayi da busassun ƙoramu, fiye da kilomita ɗari. Mutane kan kwana a tanti ranar Juma'a, a gasa nama, a yi hira, Asabar da sassafe a saki kekuna.

Farkon zuwana dariya abin ya ba ni. A garinmu mutum yana hawa keke ne don bai sami mashin ba. Nan kuwa sai ka ga mai mota uku ya ajiye su, ya zo yana wahalar da ƙafafunsa a daji da keken da ya fi motar da nake ja tsada. Na ce ikon Allah, wani neman sauƙi yake, wani kuma sauƙin ne ya ishe shi.

Aikina shi ne jan motar tsintsiya. Ga wanda bai sani ba, a-kori-kura ce da ke bin mai keke na ƙarshe. Ƙa'idarta a lokacin ba ta da yawa. Ba ka wuce na ƙarshe, ko da rarrafe yake yi. Kana iya ba shi ruwa, amma ba ka ja shi, ba ka tura shi, ba ka gyara masa keke. In ya ɗaga hannu ya sallama, ko rana ta faɗi bai isa ba, sai ka fito da filaya ka yanke lambar da ke gaban kekensa, ka ɗora keken a baya, shi kuma ya shigo gaba. Daga nan tserensa ya ƙare. Shi ya sa ba mai son ganina. Ko gaishe su na yi da safe, sai su kau da kai kamar na zo musu da sammaci.

A wannan Asabar ɗin, tun kafin mu kai tashar ruwa ta farko na san abokin tafiyata. Wani dattijo ne baƙi, dogo, farin gemu ya leƙo ta ƙarƙashin igiyar hular kwano. Tun a sansani Usman ya raɗa mini cewa Ammu Bakur ke nan (Ammu shi ne baffa da Larabci), mutumin Makka, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya a Riyad. Shekara biyu a jere yana shiga tseren, kuma duk biyun a motar tsintsiya ya dawo, kafin a ba ni ita. 'Ya'yansa sun matsa masa saboda ciwon gwiwa, har ya yi musu alkawari cewa wannan ne na ƙarshe, ya gama ko bai gama ba.

"Ka tanadar masa kujera," in ji Usman. "Kafin Azahar zai shigo."

Azahar ta yi, bai shigo ba. Wasu samari biyu dai sun ɗaga hannu, na miƙa su ga motar da ke mayar da mutane sansani, na koma bayan dattijona. Yana tafiya a hankali, ba ya waiwaye. In hawa ya zo ya sauka ya tura, in gangara ta zo ya hau. Ni kuwa ƙafata ta ƙage a kan kuloci, bayana ya riƙe.

Da La'asar ya jingine keken a jikin wata bishiyar ƙaya. Na tsaya nesa kaɗan, na fito da buta da darduma. Na ga yadda yake ɗingisawa zai yi alwala, sai bakina ya suɓuce, na faɗa da Hausa, don na tabbata ba mai ji na a dajin nan sai raƙuma:

"Kai, wannan tsoho da taurin kai yake!"

Bai ko ɗago ba, ya ce, "Tsohon ya ci gidanku."

Wallahi butar ce ta faɗi daga hannuna. Na durƙusa ina cewa Baba a yi haƙuri, shi kuwa yana ta dariya har da tari. Hausarsa irin ta mutanen da ce, a hankali take fita, kamar yana ciro ta daga ƙasan adaka. Inda ta ƙare masa sai ya cika da Larabci. Ya ja mu salla. Da muka idar, yana cin dabino, ya ce mini a bakin kakarsa ya koye ta. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Katsina a ƙafa, suka yi shekaru a hanya, suna noma da aikatau a Sudan, kafin su ƙetare teku. Shi bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba.

"Ba ta taɓa barin baƙo ya fita shi kaɗai ba," in ji shi. "Ko da ta tsufa sai ta dogara sanda ta kai shi bakin lungu. Baƙo ya ce ta koma, ta ce bari ta ɗan ƙara takawa. In za su rabu ta ce masa ya gaida gida. Tun da ta rasu ban ƙara jin wannan maganar a bakin kowa ba."

Ya dube ni, ya dubi motar. "Kai ne mai filayar?"

Na ce ni ne, Baba.

"To ka bar ta a aljihu. Yarinyar da ta taka daga Katsina, jikanta ba zai shiga mota sau uku ba."

Muka ci gaba. Saura ƙasa da kilomita goma, a cikin wata ƙorama mai yashi, na ji ƙas! Ƙarfen giyar baya ya karye, ya shige cikin taya, sarƙa ta tsinke. Na san a akwatin Usman da ke bayan motata akwai abin da zai ɗan lallaɓa shi. Amma in na taɓa keken nan, lambarsa ta yanku ke nan. Ya tsuguna ya duba, ya ciro sarƙar ya naɗe ya cusa a aljihun riga, ya miƙe, ya kama kan keken ya fara turawa. Takalmin masu keke kuwa kun san shi, ƙarfe ne a ƙasa, ba a yi shi don tafiya ba.

Na sauke gilashi na matso kusa da shi. Bai ɗaga hannu ba. Sai cewa ya yi, "Ɗana, koma haka nan. Rakiyar ta isa, na gode."

Ban san lokacin da na ce, "Haba Baba, bari in ɗan ƙara taka maka," ba.

Ya tsaya cak, ya kalle ni. Sannan ya ci gaba da tura kekensa.

Rana ta yi ja a kan duwatsu, sanyi ya fara sauka. Sai oba-oba ta ɗauki ƙara. Abu Faisal ne.

"Hamisu, kana ina? Kowa ya iso. Za mu sauke ƙofa. Yalla, ɗauko na ƙarshe."

Ƙofar da yake nufi ita ce ta robar nan da ake hura wa iska da janareta, wadda masu keke ke wucewa ta ƙarƙashinta in sun gama. Abu Faisal mutum ne mai kirki, amma ba ya maimaita magana, kuma shi ne kafilina, wanda izinin zamana a ƙasar ke hannunsa. Na haɗa ɗan Larabcina na kasuwa na ce masa dattijon bai ɗaga hannu ba.

"Rana ta faɗi. Ka san doka."

Na ce, "Na sani, mudir. Amma a garinmu in ka fito rakiya ba ka ciccibar baƙo ka jefa a mota. Ina roƙon alfarma. Tafiya yake da ƙafafunsa, kuma wannan ce tasa ta ƙarshe."

Abu Faisal ya ce, "Lafiyarsa fa?"

"Ƙalau. Ɗazu ma ya zage ni."

Na ji wani ya fashe da dariya a bayansa, muryar Usman ce. Abu Faisal ya ce, "Lokaci ya rufe, sunansa ba zai shiga cikin waɗanda suka gama ba, ka gaya masa. Kunna masa fitila. In ya yi tangaɗi ko sau ɗaya, ka saka shi a mota, ba shawara."

Na gaya wa Ammu Bakur yadda aka yi. Ya ce shi ba suna ya zo nema ba. Muka yi Magariba a gefen hanya, ya yi ta a zaune don gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Sannan ya miƙe da ƙyar, na kunna fitila, inuwarsa da ta keken suka miƙe dogwaye a kan burji. Sau biyu ya sake cewa in koma, sau biyu na ce bari in ɗan ƙara. A na biyun dariya yake yi. Ni kuwa idona na kan ƙafafunsa, ina addu'a kada ya yi tuntuɓe, don na san in ya yi, hannuna ne zai yanke lambar nan. Ban taɓa tsanar filaya ba irin ranar.

Da muka hango sansani, ƙofar roba tana kwance a ƙasa an naɗe ta, yawancin motoci sun tafi. Zuciyata ta karye masa. Amma da muka matso sai na ga wuta tana ci, an shimfiɗa darduma. 'Yan Bangaladash ɗinmu biyu sun riƙe igiyar tanti, ɗaya nan ɗaya can, daidai inda ƙofar take ɗazu. 'Ya'yansa maza biyu suna tsaye sun rungume hannu saboda sanyi. Abu Faisal kuma yana bayan igiyar da butar gahawa a hannun hagu, ɗan kofi a dama, yadda suke tarbar baƙo.

Ammu Bakur ya tura tayar gaba ta taɓa igiyar. Ba kiɗa, ba lasifika. Tafin mutum goma ne ko ƙasa da haka. Ya karɓi gahawa ya sha a tsaye, 'ya'yansa suna sumbatar kansa. Sannan ya waiwayo ya miƙo mini hannu ya ce in ba shi filayar. Da kansa ya yanke lambar, ya danƙa mini.

Na kai shi har bakin motar 'ya'yansa, ina riƙe da keken. Ya shiga, ya ce, "To ɗana, yanzu kam ka koma."

Na ce, "To Baba. Allah ya huta gajiya. Ka gaida gida."

Dattijon da ya wuni yana taka tsakuwa bai ce wash ba, sai ga shi ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. 'Ya'yan suna tambayata da Larabci me na ce wa mahaifinsu. Na rasa yadda zan fassara musu, don ni ma hawayen nake yi.

Ban ƙara ganinsa ba. Ya cika alkawarin da ya yi wa 'ya'yansa. Yanzu tseren ya girma, kowane keke da na'urar da ke nuna inda yake, bas ce ke kwashe waɗanda suka makara, wani yanki na hanyar ma an zuba masa kwalta. Ba na cewa hakan laifi ne, ya fi tsaro. Amma ina kewar lokacin da muke 'yan kaɗan, mudir ya san muryar kowa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, na gaba ba ya buƙatarku, masu tafi suna jiransa. Na ƙarshe shi ne naku. Ku bi doka, in ta kama a yanke lamba a yanke, lafiyar mutum ta fi komai. Amma kada ku matsa masa da hancin mota, kada ku danna masa ham, kada ku bari ya ga filaya kafin lokacinta. Sunan motar tsintsiya, amma mutum ba shara ba ne. Rakiya kuka fito.

Usman, zuba mana shayin nan haka, ya isa.