Rigunan da Babaji Ya Rina

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Durbi ya san Babaji marini, ko don hannuwansa da baba ya rine har gwiwa. Mutum ne mai sanyin hali, amma a kan ƙwallo sai ya yi faɗa da sa'an jikansa. Shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Guguwar Durbi tun Bature bai tafi ba, kuma ba a taɓa ɗaukar kowa aiki a cikinta ba. Mahauta ne da teloli da malaman firamare, a tashi daga sana'a, a yi la'asar, a shiga fili. A haka suka ɗauko kofin lardi sau uku, suka je har Funtuwa suka kunyata masu gida a gaban jama'arsu. Da gwiwa ta ƙi, Babaji ya koma bakin fili. Shi ne koci, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne kuma mai rina musu rigunan wasa a karofinsa.

Sai ga shekarar saba'in da tara, soja suka ce za su miƙa mulki. Siyasa ta shigo gari da ƙarfinta, ta raba masu cin tuwo a kwano ɗaya. 'Yan wasan Babaji ma ba ta bar su ba: shida suna bayan Alhaji Isma'ila, ɗan takarar unguwar, biyar suna ɗaya jam'iyyar. 'Yan canji kuwa duk sun bi motocin kamfen.

Ana gab da wasan ƙarshe na kofi, Alhaji Isma'ila ya aiko da riguna sababbi fil, farare, da tambarin jam'iyyarsa ɓaro-ɓaro a ƙirji, ya ce zai zo da kansa ya gan su a jikin yara. Hankalin Babaji ya tashi. In ya mayar da su, shida za su tafi. In aka saka, biyar za su tafi. Doka kuwa ta ce ƙungiyar da ta gaza mutum bakwai a fili, a tsayar da wasa, a cire sunanta daga gasar.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya kwashi rigunan ya tsoma a karofi, ya tsamo, ya sake tsomawa, har suka fito shuɗi mai duhu, tambari ya ɓace. Ya shanya su yana murmushi, shi ala dole mai dabara. Bawan Allah, duk rayuwarsa auduga yake rinawa. Waɗannan kuwa nailan ne, baba ya kwanta a kansu kawai bai shiga ba.

Ranar wasa da 'yan Ƙofar Sauri, fili ya cika maƙil. Alhaji na kan kujera, 'yan bangarsa na tsaye a bayansa da gorori. Da ya ga yara sun fito a shuɗi, sai ya ɗaure fuska kamar an yi masa mutuwa. Babaji ya kau da kai.

Rana ta buga, gumi ya karyo. Shuni ya fara tsiyaya a wandunan yara, tambari ya fara leƙowa a ƙirji ɗaya bayan ɗaya.

"Mi nike gani ga ƙirjin yaran ga?" wani ya ɗaga murya daga ɓangaren 'yan adawa. "An sai da mu!"

'Yan banga suka gyara riƙon gora. 'Yan wasa huɗu suka tuɓe rigunan suka jefar, suka fice. Saura bakwai, na bakwai ɗin kuwa Lado ne mai gyaran keke, ɗan bayan da ya rage daga cikin biyar ɗin nan. Ubansa Malam Nu'uman, wanda ya taɓa shan ɗauri a kan siyasa tun zamanin jamhuriya ta farko, ya keto jama'a har bakin layi.

"Lado! Hito mani daga hilin nan!"

Babaji ya ruga da ɗingishinsa ya tari yaron.

"Baba, kai ka ce muna ka rina ta," in ji Lado, idonsa ya kawo ruwa.

"Na rina, ɗana. Rigar ce ta ƙi."

"Ba ni iya wasa da wannan ga ƙirjina, tsohona na kallo."

Alƙalin wasa ya kai usur baki. Babaji ya cire hularsa, ya kama wuyan taguwarsa ya tuɓe ta, ya miƙa wa Lado. Dattijo mai jikoki, ga shi tsaye ba riga a gaban duk gari, haƙarƙari a waje. Kunya ta kama har waɗanda suka zo da gora. Lado ya zura taguwar, ta sauko masa har gwiwa. Alƙali ya dube shi, ya dubi tsohon, ya busa a ci gaba.

Alhaji Isma'ila ya tashi da mutanensa, kuma daga ranar bai ƙara amsa gaisuwar Babaji ba. Shi kuwa Babaji yana bakin layi a haka, yana ta ƙwala wa yaransa kira, sai ya ji an jefo masa babbar riga a kafaɗa. Malam Nu'uman ne, yana huci.

"Ruhe jikinka, tsohon banza. Yaron shi ƙarasa wasan."

An ci su huɗu da nema, amma su bakwai suka ji usur na tashi.