Kawu da Binciken Haɗin Gwiwa

Kawuna mai aski ne tun ban san kaina ba. Shagonsa kujera ɗaya ce da madubi mai tsaga a gefe, amma ko da na'urar aski ta cika gari, shi da aska yake gyara gemu. Ga surutu kamar rediyo. Abin da kawai yake kuka da shi gwiwa ce, saboda tsayuwa.

Ni ce na jawo, da bakina. Ina shara a asibitin koyarwa, sai na ba shi labari cewa likitocin ƙwaƙwalwa da wani injiniya sun samu ɗan tallafi, ba mai yawa ba, za su yi binciken haɗin gwiwa, suna neman masu sa kai. Kawu bai ji komai ba sai "gwiwa". Washegari na gan shi a ɗakin gwaji, ya naɗe wando har cinya, yana nuna wa wata likita inda ke yi masa ƙas-ƙas.

Kunya ta kusa kashe ni. Likitar ta yi dariya, ta bayyana masa cewa su ne suka haɗa gwiwa, wato suna aiki tare, ba tasa za su haɗa ba. Shi ma ya dara, ya sunkuya zai sauke wandon. Nan dariyarta ta ɗauke. Hannunsa na dama, wanda kullum ke cikin aljihu muna cewa yanga ce, yana kaɗawa shi kaɗai a kan cinyarsa.

Ta sa shi ya yi tafiya, ya tafa yatsu, injiniyan ya ɗaura masa wani abu kamar agogo. Ta ce alamun ciwon karkarwa ne, daga ƙwaƙwalwa yake, ainihin abin da suke bincike. Ta tambaye shi yaushe ya fara.

"An kwana biyu," in ji Kawu, idonsa a ƙasa. "In na riƙe aska yakan lafa. Yawanci."

Yawanci! Na tuna 'yan yankan da maigidana ke dawowa da su a haɓa daga shagon, Kawu yana cewa ƙuraje ne. Wuyan mutane nawa ya bi ta ƙarƙashin hannun nan?

Sun sa shi cikin binciken, suka ɗora shi kan magani. Ba wanda ya ce ya bar aski. Shi da kansa ya zo gidana da askar a naɗe cikin tawul.

"Ɓoye min ita, 'yar nan. Ko na roƙe ki, kar ki ba ni."

Bai yi mako ba ya dawo, wai hannun ya yi sauƙi, gemun maƙwabci ɗaya kawai zai gyara. Mutumin da ya goya ni, yana roƙona a bakin ƙofa. Na ce masa askar ta ɓace. Ya san ƙarya nake, ya ce to, Allah ya yi min albarka, ya mayar da hannun aljihu.